Nasihar Juma'a: Tafkin Da Aka Rufe

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana kogi muna ci daga gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Nasihar wannan mako ba daga nesa muka ɗauko ta ba. Da yawanku kun riga kun ji abin da ya faru daren Litinin a wani ƙauye da ke sama da mu, ta ɓangaren kogin Anambra. Mutanen garin suna da tafki wanda suke rufewa tun daga janyewar ruwa, ba mai jefa koma a ciki sai ranar da sarkinsu ya buɗe. Samari uku, namu, suka shiga da tsakar dare suka zuba magani. Da gari ya waye ruwa ya yi fari da cikin kifi, manya da ƙanana, har da waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba. Abin da yaran suka iya ɗauka bai kai rabin abin da suka kashe ba, saura ya ruɓe a bakin gaɓa. Matan garin da ke ɗiban ruwa a wurin sun kwana uku ba su ɗiba ba. Yanzu saƙo ya zo cewa kwalekwalen Bahaushe ba zai sake tsayawa a gaɓarsu ba sai sun ji amsa daga gare mu.

Ba za mu ambaci suna ba. Iyayen yaran suna cikin sahu tare da mu, kuma kunyar da suke ciki ta ishe su. Abin da ya sa muka ga lalle sai an yi magana shi ne irin uzurin da muka ji wasu manya suna kawowa a bakin kasuwa da wajen mai shayi. Laifin yaro ana gyara shi da faɗa da biyan ɓarna. Amma idan babba ya ɗauko addini ya lulluɓe laifin da shi, to gyaran ya zama na malamai, kuma shiru a nan ha'inci ne.

Wani ya ce, "Ai ruwa na Allah ne, wa ya isa ya rufe?" Gaskiya ya faɗa, ruwa na Allah ne. Hadisi ya zo a Abu Dawuda da Ibnu Majah cewa mutane suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. To amma mu 'yan kasuwa ne, mun san ma'anar tarayya. Wanda kuka haɗa jari da shi ba ya tashi cikin dare ya kwashe uwar kuɗi ya ce ai nasa ne shi ma. Kasancewar abu na kowa shi ne ma dalilin da ya hana mutum ɗaya ya cinye shi. Kuma tarayyar nan ta haɗa da mutumin da ke ƙasa da kai a kan kogi, da wanda ya riga ka zama a wurin, da jikan da ba a haifa ba tukuna.

Rufe wuri don maslahar jama'a kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci, sunansa hima. Manzon Allah (SAW) ya keɓe wani wuri da ake kira Naƙi'u kusa da Madina saboda dawakin Musulmi. Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Mu ma a gida mun gaji irin wannan. Dattawanmu na Kabi da ke nan su ba ku labarin Matan Fada a Argungu: wuri ne da ake hana su a cikinsa tsawon shekara, Sarkin Ruwa na tsaro, sai ranar biki a shiga da homa da gora kawai. Manyan giwayen ruwan da ake fitarwa ana ɗaukar hotonsu, hutun da aka ba wurin ne ya girmar da su. To me ya sa idan Sarkin Ruwan Argungu ya rufe muka ce al'ada ce mai kyau, idan sarkin Ibo ya rufe muka ce wa ya isa? Idan ma akwai wasu tsarabe-tsarabe nasu da suke yi ranar buɗewa, wannan tsakaninsu ne, ba a ce mu shiga ba kuma ba ma shiga. Abin da ke kanmu shi ne alkawarin da iyayenmu suka ɗauka ranar da aka ba su wurin kafa bukka da ɗaure jirgi. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta fara, kuma ba ta ware alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba.

Mu tuna labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku da Allah ya ba mu a Suratul A'araf. An hana su kamun kifi ranar Asabar, sai kifin ya riƙa zuwa musu a sarari a ranar da aka hana, sauran ranaku kuma ya ɓace. Malaman tafsiri sun ce dabara suka yi: su kafa tarko tun Juma'a, su kwashe ranar Lahadi, su ce ai ba mu kama ranar Asabar ba. Mutanen garin suka kasu uku: masu yi, masu hani, da masu cewa ku bar su, me wa'azi zai yi musu? Waɗanda Alƙur'ani ya ambaci tsirarsu a fili su ne masu hani. Haramcin Asabar ba shari'armu ba ce, amma halin nan na ganin kifi ya taru a wurin da aka hana zuciya ta fara neman hanya, wallahi har yau yana nan.

Masunta sun fi mu sanin dalilin rufe tafki, amma bari mu faɗa saboda 'yan kasuwa da yara masu tasowa. Kifin Kwara da cikowa yake haihuwa. Idan ruwa ya fara hawa da damina, iyayen sai su bar tsakiyar kogi su bi ruwan zuwa fadama, su zuba ƙwai a cikin ciyawa. A nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Idan ruwa ya fara ja, wasu su biyo shi su koma kogi, wasu su maƙale a tafkuna har wata cikowar. Ka ga ke nan tafkin rani rumbu ne na iri. Wanda ya zuba masa magani ya yi daidai da manomin da ya daka irin shuka ya yi tuwo da shi, sai dai ma shi wannan irin na maƙwabci ne.

Ku tambayi tsofaffin Sarkawa da suka gangaro daga Yawuri shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce. Za su gaya muku lokacin da yauni ba abin mamaki ba ne a cikin jirgi, lokacin da giwan ruwa sai mutum biyu sun kama. Faliya da bargi da ramboshi duk ba a yi musu wani doki. Yau idan aka fito da yauni babba a bakin ruwa, kafin a sauke shi an yi ciniki. Kunamar ruwa, wannan mai faɗi kamar faifai da ƙari a wutsiya, wadda kusan ba a samun irinta a duniya sai a Kwara da Binuwai, masu ƙididdigar halittu sun sa ta cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Yaranmu da yawa ba su taɓa ganinta ba. Ayu kuwa, duk da ba kifi ba ne, dokar tarayya ta 1985 ta hana kashe shi, amma mun san har yanzu akwai masu neman mansa a ɓoye.

Wani zai ce, to idan kunamar ruwa ta ƙare me muka rasa, abin da ma harbi take yi? Ya ɗan uwa, Allah ya sanar da mu a Suratul An'am cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. A cikin Bukhari an ba da labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu, Allah ya zarge shi da halaka al'umma mai tasbihi. Annabi Nuhu (AS) da aka umarce shi ya ɗauki biyu-biyu a jirgi, ba a ce ya zaɓi masu daɗin nama kaɗai ba. Kuma ya zo a hadisi cewa har kifaye a cikin ruwa suna nema wa mai ilimi gafara. Mu dai muna jin nauyin a ce halittar da ke roƙa mana gafara mu ne muka share irinta daga kogi.

Adalci ne mu faɗa cewa ba masunta kaɗai suka jawo wannan ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka ƙara Jebba da Shiroro, Kamaru kuma ta gina Lagdo a kan Binuwai a 1982, cikowar ruwa ta daina bin tsarinta na da. Wata shekara ruwan bai kai fadama ba balle kifi ya haihu. Wata shekara kuma ya zo da ƙarfin da ba a iya tarewa, irin na 2012 da 2022, waɗanda ba mai buƙatar a tuna masa a garin nan. 'Yan uwanmu na Haɗejiya da Nguru sun ga irin nasu bayan an datse ruwa a Tiga da Challawa: fadamar da ta ciyar da kakanninsu ta tsuke, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wutar lantarki da noman rani alheri ne, ba mai musu. Amma shari'a ta daɗe da sa wa na sama iyaka. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hukuncin Manzon Allah (SAW) game da wasu magudanan ruwa biyu na Madina: na sama ya tare har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. Haka aka hukunta tsakanin Zubairu (RA) da maƙwabcinsa. Wannan hukunci yana kan masu riƙe da makullan madatsu, kuma za a tambaye su. Sai dai mu a nan ba mu da makullin Kainji. Abin da ke hannunmu shi ne idon koma da kwalbar magani.

Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1992, ta hana su da guba da nakiya da lantarki. Ta kuma hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, in ban da wasu kayan da aka ware don ƙananan kifin da dama ba sa girma. Amma ku je bakin ruwa ku gani. Gidan sauron da aka raba wa mata masu ciki a asibiti saboda zazzaɓi, shi ake ɗinkewa a ja a bakin gaɓa. Yaro na kwana sauro na cizonsa, gidan sauronsa na cikin kogi yana tace 'ya'yan kifi. Ɓarna biyu a abu ɗaya. A tafkin Kainji an taɓa fama da irin wannan koma da ake kira dala, har a shekarun 1990 aka yi wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, aka sa hannun sarakuna da sarakunan ruwa, aka hana ta, aka shigo da lasisi. Masuntan da suka zo daga can sun san labarin. Bin irin wannan doka ba tsoron jami'i ba ne kawai. Idan shugaba ya yi umarni da abin da ke maslaha ce ga jama'a kuma ba saɓon Allah a ciki, malamai sun ce yi masa ɗa'a wajibi ne, ko jami'in yana kallo ko ba ya kallo.

Sai uzuri na biyu da muka ji, wanda ya fi ba mu takaici don daga bakin mai karatu ya fito: wai ai mushen ruwa halal ne, ko ta yaya kifi ya mutu ana ci. E, a mazhabarmu ta Malikiyya kifi ba ya buƙatar yanka. Amma wannan hukuncin yanka ne, bai taɓa zama izinin ɓarna ba. Rago ma halal ne, amma na sata fa? Sannan maganin da ake zubawa, irin su gamalin da magungunan feshin gona, ba ya tsayawa a ruwa. Yana shiga naman. A yi banda, a ɗaure a kwali, a ɗora a mota, ya tafi Kano ko Kaduna, wata baiwar Allah ta saya ta yi wa 'ya'yanta miya. Mai bandar da ya san kifin na magani ne ya saya don araha, shi ma yana ciki dumu-dumu. Ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa ta hau kansa, hadisin da ya tsoratar game da algus ya hau kansa. Masu banda, kun san kifin magani in kun gan shi, cikinsa saurin lalacewa yake yi. Idan kuka daina saye, rabin matsalar ta mutu.

Yanzu mu juya ga manyanmu masu harkar yashi da masu neman fili a bakin ruwa, domin su ma maganar ta shafe su, ko da ba su suka zuba magani ba. Su nasu uzurin takarda ne: "Na biya, ga rasit, ga hatimin tarayya." Gaskiya ne dokar 1997 da ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta ba ta iko da mita 100 daga gaɓar manyan koguna, ta kuma hana ɗiban yashi ko gini a wurin sai da izininta. A farkon 2024 ma Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya iko a kan hanyoyin ruwa a shari'arta da jihar Legas. Don haka neman takarda daidai ne, kuma muna kira ga duk wanda ba shi da ita ya nema ta hanyar da ta dace, ba ta bayan gida ba.

Amma takarda tana kare ka ne daga kamu, ba ta kare ka daga hisabi. Wani sahabi, Abyad ɗan Hammal (RA), ya roƙi Manzon Allah (SAW) ya mallaka masa wurin gishiri a Ma'arib, aka ba shi. Da ya juya, wani a majalisar ya ce abin da aka ba shi kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, jama'a duk suna amfana. Nan take aka karɓe. Ku duba fa, izinin da ya fito daga mafi girman hukuma a bayan ƙasa, aka janye shi saboda ya taɓa abin da jama'a ke rayuwa da shi. To ina ga takardar ofis? Idan injinka yana zuƙo yashi a daidai bakin hanyar da kifi ke bi ya shiga fadama, ko gaɓa tana zaftarewa a ƙarƙashin gonar rogon wani, matsa. Yashi yana da yawa a Kwara.

Su ma masu ba da izini akwai abin da ya kamata su ji, kuma muna da 'ya'ya a cikin ma'aikatan. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya naɗa baransa Hunayyu ya tsare makiyayar da aka keɓe, ya umarce shi ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, saboda su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai dai ya zo da 'ya'yansa yana kuka. Mu yau abin ya juye. Mai tifa goma takardarsa ba ta kwana, mai kwalekwale ɗaya shi ake kamawa.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma dole a faɗa. Kun tuna ƙudurin dokar albarkatun ruwa da aka yi ta kai-kawo da shi a Majalisar Tarayya daga 2018 har 2023 bai wuce ba. Mutanen kudu da yawa sun ɗauka dabara ce ta ƙwace bakin kogunansu a ba 'yan arewa. Ko zargin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, yana nan a zukata. Duk lokacin da ɗayanmu ya ɗaga takardar Abuja a fuskar mai gari ya ce ba ruwansa da shi, ko yaranmu suka shiga tafkin da aka rufe, itace muke ƙara wa wannan wutar. Kuma in ta tashi ba mai tambaya wane ne ya zuba magani. Mai sayar da albasa da mai wankin takalmi da ɗan acaɓa, waɗanda ba su taɓa riƙe koma ba, su za su fara ji a jikinsu. Mun ga irin haka a garuruwan nan, Allah kada ya maimaita mana. Nemi takardar hukuma, sannan ka je ka gaida masu ƙasa. Ɗaya ba ta ɗauke ɗaya.

Kada wani ya ce ai kifin ya riga ya ƙare, gara in kwashi rabona. Kifi yana dawowa in an ba shi dama. Giwan ruwa mace guda, in ta girma, tana zuba ƙwai miliyoyi. Wani ɗanmu da ya yi karatun kifi a New Bussa ya ba mu misali daga Amurka, a wani kogi da ake kira Kolorado, wanda madatsu da noman rani suka kusa shanyewa. Kifaye iri huɗu na asalin kogin sun kusa ƙarewa. A 1988 gwamnatin tarayyarsu da jihohi da masu amfani da ruwan suka ƙulla yarjejeniya: ana ci gaba da ba da izinin ɗiban ruwa, amma da sharaɗin a bar wa kifi kasonsa, a riƙa sakin ruwa daga madatsu a lokacin da ya saba cikowa, a yi wa kifi hanyar wucewa, a ƙyanƙyashe wasu a mayar. Sai a 2021 aka sauke ɗaya daga cikinsu, wani kifi mai doro, daga jerin masu gab da ƙarewa zuwa mataki mai sauƙi. Shekara talatin da uku. Sauran har yanzu ana fama. Su da kuɗinsu da injunansu haka ya ɗauke su, don sun bari abu ya yi nisa. Namu tarwaɗa da karfasa da ƙurungu ba su kai can ba, damina biyu ko uku na hutu suna nuna bambanci, kuma kowane tsohon masunci zai shaida.

Ga abin da kwamitin masallaci da Sarkin Hausawa da shugabannin masunta suka tsayar a zaman daren Laraba. Ranar Lahadi bayan sallar Asuba, dattawa biyar tare da liman za su tafi ƙauyen da yaran uku da iyayensu, a ba da haƙuri baki da baki. Ba za a je da jayayya kan yawan ɓarna ba, abin da masu tafkin suka ƙiyasta za a saurara, sannan a roƙi sassauci. Iyayen za su biya abin da suka iya, jama'a su cika. Za a zagaya da asusu yau bayan sallama, kuma mata su ba da nasu ta hannun uwargidan liman. Daga yau duk wanda aka samu da kwalbar magani a jirginsa, ko aka tabbatar ya sayi kifin magani, ƙungiyar masunta da ta masu banda ba za su tsaya masa ba idan hukuma ta kama shi. Masu koma ta gidan sauro an ba su zuwa ƙarshen wata su kawo ta harabar masallaci, kuma wasu alhazai biyu sun yi alkawarin ba da rancen zare mai inci 3 ba tare da ƙarin ko kwabo ba, a biya bayan kamu. Masu yashi za su yi nasu zaman ranar Talata bayan Isha'i, kowa ya zo da takardarsa.

Yaran nan kuma kada a tsangwame su. Ɗayansu ya zo da kansa ya faɗi gaskiya tun kafin a neme shi, yana kuka. Bashi ne ya yi masa yawa, ga aure an sa rana. Masu hali su dube shi.

Allah ya gafarta mana, ya shiryi zuriyarmu, ya sanyaya zukatan masu masaukinmu, ya sa albarka a ruwanmu da kasuwarmu, ya kai mu gida lafiya duk ranar da muka tashi komawa. Amin. Motar masu tafiya ranar Lahadi za ta tashi daga ƙofar masallaci ƙarfe 6:30, a zo da wuri saboda hanyar ba ta da kyau.